Minti 77 da awa 8: abin da na koya kan waƙa a fim ɗin almara

Ina cikin shekarata ta uku a aikin tace hoto da sauti a wani ƙaramin situdiyo aka kawo mana kwangilar katun na yara. Kafin nan abin da hannuna ya saba da shi bidiyon biki ne da tallace-tallace da gajerun fina-finan wayar da kai. Wannan karon tatsuniya ake so, ta 'yar bora da aka aika wankin kirgi a ruwan Bagaja, kuma kada ta wuce minti 12. Na zauna na tsara ta fitowa bayan fitowa kamar yadda nake tsara fim ɗin mutane: yarinya ta bar gida, ta kama hanya, ta iso ruwa na farko, ta tambaya, ta wuce, ta iso na biyu. Waƙar da take yi wa kowane ruwa kuwa na kai ta can ƙarshe, inda sunayen ma'aikata ke hawa, don a ganina kwalliya ce.

Mai zanenmu, wadda ta girme ni nesa ba kusa ba, ta karanta takardar har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Sai ta jawo kalkuleta. Daƙiƙa ɗaya ta fim hoto 24 ce. Ko an yi tsimi an bar kowane zane ya tsaya tsawon hoto biyu, ana bukatar zane 12 a daƙiƙa, wato 720 a minti guda. Tafiyar da na rubuta ta kai minti biyar. Ta juyo mini da fuskar kalkuletar, na ga 3600.

"Ƙanena, wa zai zana wannan?"

Na ce, "Yaya, ai tafiyar ita ce labarin."

Ta ce, "Tafiyar tana cikin waƙar nan da ka jefar a ƙarshe."

Washegari ta kawo mini littafin The Hobbit na J.R.R. Tolkien, wanda ya fito a 1937, da fina-finai iri biyu da aka yi daga gare shi. Ɗaya katun ne mai waƙoƙi da Arthur Rankin da Jules Bass suka shirya wa talbijin a Amurka a 1977, tsawonsa minti 77. Ɗayan kuma fina-finai uku ne na mutane da Peter Jackson ya ɗauka a ƙasar Niyu Zilan, suka fito a 2012 da 2013 da 2014, in an haɗa su sun kusa awa 8. Ta ce in kalle su da littafin a cinyata, kuma in riƙa lura da abu guda kawai: duk inda aka yi waƙa, wane aiki ta yi?

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Bilbo ɗan ƙaramin taliki ne daga jinsin da ake kira hobbit, mai son zaman gida da cin abinci a kan lokaci. Wani tsoho mai sihiri, Gandalf, ya haɗa shi da wadanni 13 da ke son ƙwato dutsen kakanninsu da dukiyarsu daga hannun wani dodo mai aman wuta. A daren farko wadannin suka cika masa gida, suka cinye abin da ke rumbunsa, sannan suka rera wata doguwar waƙa ta tarihin gidansu. A littafin, wannan waƙar ce ta tayar wa Bilbo da sha'awar tafiya. Ba don ita ba da bai fita ƙofar gida ba.

A nan na fara ganin bambancin. A katun ɗin, da zarar muryoyin sun ɗauka, hoton sai ya bar ɗakin ya bi baitocin: ga dutsen, ga maƙera a cikin kogo, ga dodon ya sauko, ga gari na ci da wuta, ga mutane na gudu. Wasu zanukan ko motsi ba sa yi, kyamara ce ke ratsa su a hankali. Cikin 'yan mintoci an ba ka tarihin shekaru aru-aru, an sanar da kai dalilin tafiyar, kuma an sa maka kewar gidan da ba ka taɓa gani ba. Waƙa ɗaya ta yi dakon kaya uku, da zane kaɗan.

Jackson kuwa raba kayan ya yi. Tarihin ya ba da shi tun a buɗe fim, da yaƙi da ƙura da rugujewar gini. Da aka zo waƙar sai ya rage ta zuwa baiti biyu, ya bar ta a cikin ɗakin. Shugaban wadannin yana tsaye yana fuskantar murhu, ya fara da murya ƙasa-ƙasa, sauran suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna amsawa, Bilbo na zaune a ɗakin kwanansa yana saurare, tartsatsin wuta na hawa ta bututun hayaƙi. A wurina babu fitowar da ta kai wannan kyau a duk awa takwas ɗin. Na maimaita ta ya fi sau goma. Amma na lura cewa waƙar ta samu shiga ne saboda tana da dalili: ga mutane sun ci sun ƙoshi, dare ya yi, suna tuna gida. A zahiri ma haka ake yi.

Dokar da na gano ke nan, wadda ba wanda ya taɓa faɗa mini. A fim ɗin mutane, waƙa sai ta nemi izini kafin ta shigo. Dole a ga bakin da ke yin ta da abin da ya sa yake yi. A zane kuwa mai kallo ya riga ya ba da izinin tun a minti na farko. Ya san abin da ke gabansa tawada ce da fenti, ya yarda a yi masa tatsuniya, kamar yadda muke cewa "ta zo mu ji ta" in kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku". Wanda ya amsa wannan ba zai tsaya tambayar yadda aka yi kura ta iya waƙa ba.

Misalin da ya fi tabbatar mini da haka shi ne inda aka ritsa matafiyan a kan bishiyoyi, kyarketai a ƙasa, dodannin kogo suka cinna wa bishiyoyin wuta. A littafin dodannin waƙar ba'a suke yi musu, suna kiransu tsuntsaye da za a gasa. Katun ɗin ya bar waƙar, kuma ita ce ta sa wurin ya zama abin tsoro, domin mugun da ke rera waƙa yana ƙona ka ya fi mai ihu tayar da tsigar jiki. Jackson ya cire ta, ya sa faɗan takobi da wani abokin gaba wanda littafin sunansa kawai ya ambata. Ban ga laifinsa sosai ba. Halittun da aka ƙera wa fata da haƙora da yawu har ka ji kamar za ka taɓa su, in suka jera suna amshi, dariya za a yi. Gwargwadon yadda hoto ya kusanci zahiri, haka ƙofar waƙa ke ƙara tsukewa. Jackson ma da kansa ya ƙara tsuke ta, domin ya ɗauki fina-finan da hoto 48 a daƙiƙa, ninkin abin da aka saba, har wasu masu kallo suka koka cewa suna gane kwalliyar fuska da katakon da aka yi gini da shi.

Duk da haka, wanda ya iya allonsa a fim ɗin mutane yakan sa waƙa ta yi dakon nan. A fim na uku na The Lord of the Rings, wani labarin Tolkien da Jackson ya ɗauka, na 2003, wanda ya ci kyautar Oscar 11, akwai inda mai riƙon masarautar Gondor ya tura ɗansa yaƙin da ya san ba a dawowa, sannan ya zauna cin abinci ya umarci wani ɗan ƙaramin hadiminsa ya yi masa waƙa. Yaron na rerawa murya na rawa, ana nuno dawakai suna sukuwa zuwa halaka, ana dawowa kan bakin dattijon yana tauna, ruwan tumatir na gangaro masa a haɓa. A matsayina na mai tace fim, wannan fitowa makaranta ce. An ba waƙar dalili, umarnin ubangida, sannan aka ɗora mata wurare biyu a lokaci ɗaya.

Akwai abin da fim ɗin mutane ke da shi wanda katun na 1977 ba zai taɓa kamowa ba, wato fuska. Martin Freeman, wanda ya fito a matsayin Bilbo, yana iya gaya maka ya ji tsoro, ya ji kunya, kuma ya yanke shawara, duk da motsin hanci da ƙifta ido. Inda ya ɗora takobi a wuyan Gollum, wata halittar kogo da ke neman kashe shi, sannan ya fasa kashe shi, babu kalma ko ɗaya, kuma ba a bukatar ta. Bilbo na zane ba shi da wannan gatan. Idanunsa manya ne, fuskarsa ba ta da yawan sauyi, don haka abin da ke zuciyarsa sai muryar mawaƙi Glenn Yarbrough ta faɗe shi daga waje. Ashe waƙa a zane ita ce ke maye gurbin tsokar fuska.

A nan kuma hatsarin yake. Rankin da Bass sun sake wani katun a 1980 daga kashi na ƙarshe na The Lord of the Rings, kuma a ganina can waƙoƙin sun yi yawa. Za ka ga abu ya faru, sai murya ta zo ta rera maka abin da ka gama gani. Waƙar da ba ta ɗauko komai ba, kanta ta zama kaya. Mu da muka tashi da fina-finan Indiya da na Kannywood mun san wannan ciwon: masu kallonmu sun daɗe da ba waƙa izinin shiga fim ɗin mutane, amma sau da yawa labari tsayawa yake yi cik sai an gama rawa sannan a ci gaba.

Wani abin da ƙarancin zane ya koya mini shi ne zaɓe. Katun ɗin ya yar da Beorn, mutumin da ke rikiɗa ya zama dabbar daji, ya yar da rigimar babban lu'ulu'un wadanni, kuma na ji zafin rashin na biyun domin shi ne ke nuna yadda dukiya ta juya kan shugabansu. Babban yaƙin ƙarshe kuma daga nesa aka nuna shi, ɗigo-ɗigo cikin ƙura. Da farko na ɗauka talauci ne kawai. Da na koma littafin sai na tarar Tolkien ma bai daɗe a kan yaƙin ba, dutse ne ya bugi Bilbo a ka ya suma, sauran labarin ba shi aka yi bayan ya farfaɗo. Jackson ya mai da wannan yaƙi fim guda na kusan awa biyu da rabi, ya ƙaro soyayyar da babu ita a littafin. Kyamara da kuɗi sun ba shi damar nuna komai, sai Bilbo ya ɓace a cikin labarin da ke ɗauke da sunan jinsinsa.

Masu zanen katun na 1977 ma'aikatan wani kamfani ne a Japan mai suna Topcraft. Shi ne ya zana fim ɗin Nausicaä na Hayao Miyazaki a 1984, kuma da dama daga ma'aikatansa suna cikin waɗanda aka kafa kamfanin katun na Studio Ghibli da su a 1985. Yaya takan ce in duba bayan hotunan, dazuzzuka da duwatsu masu launin ƙasa-ƙasa kamar an wanke su da ruwa, in ga hannun da ya san inda zai kashe ƙarfinsa da inda zai huta.

Bayan mako biyu na yage tsarina na farko. Na koma gida wurin gwaggona na roƙe ta ta ba ni tatsuniyar kamar yadda kakarmu ke ba mu, na ɗauki muryarta a waya. Sai na ji abin da kunnena ya daɗe da sani amma aikina ya manta. Ba ta taɓa cewa yarinyar ta yi tafiyar kwana kaza ba. Waƙar take maimaitawa, a kowane ruwa muryarta na ƙara yin ƙasa, kuma daga nan kake jin nisan hanya da gajiya da yunwa. Da ta zo gidan cinya da kare, inda cinya ke gunaguni kare na fassarawa, na tuna dodannin nan masu waƙa. Da a fim ɗin mutane ne, cinyar da ke zaune ita kaɗai tana magana ko ta firgita yara ko ta ba su dariya. A zane kuwa Yaya ta yi ta da layi biyar, ta ɗaura mata ɗan zane, ta zama tsohuwa mai kwarjini.

Tafiyar minti biyar ta koma waƙar daƙiƙa 80. Zagayen takun yarinyar zane takwas ne kacal da ake maimaitawa, abin da ke sauyawa shi ne bayanta: launin ruwa, tsayin rana, tsawon inuwarta a ƙasa. A baiti na uku na rage kiɗan na bar muryar ita kaɗai, na kuma sa ta ja numfashi kafin ta kira sunan ruwan. Yarinyar da ta yi mana muryar sai da muka ɗauka sau shida, domin ta saba waƙa da ƙarfi, ni kuma gajiya nake nema.

Ranar da muka gwada shi a gaban 'yan firamare, ina tsaye a bayan aji kusa da sifika. A ruwa na farko shiru suka yi. A na biyu wasu suka fara motsa baki. Da aka zo na uku, inda kiɗan ya ɗauke, ajin gaba ɗaya ya ɗauki amshin a hankali, daidai da muryar yarinyar, har da jan numfashin. Yaya na zaune a benci na ƙarshe da littafin zanenta a cinya, ta rubuta wani abu ta miƙo mini: inuwar da ke baiti na biyu ta yi gajarta, a gyara kafin Litinin.