Kafin ka ba da jingar wanke daɓe da goge shi

Da an gama gini, ko biki ya matso, ko kwamitin masallaci ya ce a gyara kafin azumi, sai a shiga neman wanda zai wanke daɓe ya fito da ƙyallinsa. A garuruwa irin su Gaya, Bichi, Ringim da Gumel ba a rasa samari masu wannan sana'a. Wasu sun koyo ta a Kano ko Dutse, wasu kuwa jarkar asid da burushi ne kaɗai jarinsu. Wanda ya san aiki ba ya yanka maka farashi ta waya. Zai zo ya durƙusa ya shafa daɓen, ya ƙwanƙwasa tayil da makulli ya ji ko akwai mai ƙarar ganga, sannan ya ce, "Alhaji, bari mu gwada bayan ƙofa tukuna." Irinsa ake riƙewa, domin abin da tayil ke jurewa shi ke kashe tarazo.

Mafi yawan ɓarnar da muke gani daga asid take. Tarazo ɓarɓashin dutsen mabul ne aka kwaɓa da siminti, kuma dukansu asid na narkar da su. Kumfar nan da ke tashi tana "cuuu" idan an zuba, wadda mai gida ke zaton datti ne ke fita, fuskar daɓen ce take zagwanyewa. Ranar farko wuri zai yi fari tas. Bayan sati biyu sai ka taka ka ji kaushi, ƙura ta shige ƙananan ramukan da aka buɗe, daga nan kuma sai dai a sake kawo injin gurza. Tayil mai sheƙi fuskarsa na jurewa, amma farin simintin da ke tsakaninsa ba ya jurewa. Ya zaizaye, ruwan wanki ya riƙa sulalewa ƙasa, tayil ya saki ɗaya bayan ɗaya. Tururin asid ɗin ma yana sa ƙofar ƙarfe tsatsa.

Wuri ɗaya asid ke da amfani: cire ragowar siminti a kan sabon tayil. Ko a nan, kashi 1 na asid ake zubawa a cikin kashi 10 na ruwa, ba a zuba ruwa a kan asid. A fara jiƙa wurin, a yi shi kaɗan-kaɗan, a ɗauraye cikin 'yan mintuna da ruwa mai yawa. Tagogi a buɗe, safar roba a hannu, yara a waje. Kada a kuskura a haɗa shi da Hypo ko Jik a bokiti ɗaya. Iskar da ke tashi guba ce, tana iya shaƙe mutum a ɗaki rufe.

Sai man ƙyalli, wanda masu aikin ke kira folish. Tayil mai sheƙi ba ya buƙatarsa sam. Ba ya shan sa, sai dai man ya kwanta a sama ya zama santsi, kuma a masallaci, inda dattawa ke shigowa da danshin alwala a ƙafa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Daɓen siminti da tarazo su ne masu shan mai.

Idan simintin sabo ne, a ba shi kwana 28 aƙalla. Daga nan a gwada danshi: a shimfiɗa leda mai faɗin kamu ɗaya, a liƙe gefunanta da salatif, a bar ta kwana guda. In an ɗaga an ga gumi a cikinta ko wurin ya yi duhu, ƙasa na tsatsafo da ruwa, kuma duk man da aka shafa zai yi fari-fari ya ɓare. Masu gida a yankunan fadama irin su Hadeja da Auyo su fi kowa kula da wannan, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka.

Tarazon da ya dushe gurzawa yake so. Ana farawa da dutse mai kaushi, lamba 36 ko 60, a koma 120, a ƙare da 220 ko sama da haka, ana yi ana zuba ruwa. Mai gaggawa yakan tsallake na tsakiya, sai a bar maka zane-zanen da'ira waɗanda ba ka gani sai rana ta shigo ta taga. In akwai tsohon mai a cire shi gaba ɗaya, a ɗauraye sau biyu, a bari ya bushe ƙarau. Shafi kuwa siriri ake yi, sau 2 ko 3, da tazarar minti 30 zuwa 45, ana farawa daga ƙuryar ɗaki a fito ta ƙofa. Lita ɗaya ta mai ruwa-ruwa takan rufe murabba'in mita 40 zuwa 50 a shafi guda, ɗaki mai ƙafa 12 da 12 kuwa bai wuce mita 13 da 'yan kai ba. Wanda ya ce a sayo galan saboda ɗaki biyu, ko zai lafta shi ne ya yi danƙo, ko ragowar yake so. Da hunturu a rufe tagogin ɓangaren da iska ke busowa, don ƙurar da ta sauka a kan ɗanyen shafi ta zauna ke nan.

Masu ɗiga kananzir ko man gas a ruwan goge-goge don ƙyallin ranar biya, a hana su. Yana jan ƙura, yana santsi, ga wuta a gidan da ake kunna risho.

Wajen ciniki, a auna wurin da tef a gaban kowa, a yi jinga a kan awo. A faɗi wanda zai kawo ruwa da wanda zai zuba wa janareta mai, don a ƙauye nan rigima ta fi tashi: gurza falo ɗaya na cin jarkoki da yawa, kuma 'yan ga-ruwa ba kyauta suke kawowa ba. Kafin alƙalami kada ya wuce kuɗin kaya. Cikon sai washegari, bayan ka kwantar da tocila a ƙasa ka haska daɓen ta gefe, ka duba kusurwoyi da bayan ƙofa inda inji ba ya kaiwa. A kuma yi sharaɗin kwashe taɓon gurzan a kai shi nesa da rijiya da turken dabbobi. In aka tura shi kwata, daskarewa yake ya toshe ta.

Daɓen gargajiya na tsakuwa da makuba ba ruwansa da duk wannan. In ya fara tashi, matan unguwa da suka iya madaɓi ake kira, a jiƙa ɓawon ɗorawa a sake yayyafa masa ruwan.

Bayan an gama shafa man ƙyalli, kada a mayar da gado da kujeru sai an kwana, kuma a ɗaga su, ban da ja. Yashin da takalmi ke shigowa da shi ne ke cinye ƙyalli, don haka a ajiye buhu ko abin goge ƙafa a bakin ƙofa, a riƙa shara kafin a sa ruwa. Da bokiti biyu ake guga, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye tsumma, kuma cokali ɗaya na omo ya ishi bokiti. In ruwan rijiyarku mai kanwa-kanwa ne, a bi da busasshen tsumma nan take, kafin ya bar farin tabo.