Takardar shaidar kula da daji a Jojiya: matakanta da abin da malamin daji yake dubawa

A hanyoyin karkara na kudancin Amurka mutum zai riƙa ganin wani allo kore da fari a bakin dazukan mutane, ɗauke da kalmomi huɗu: katako, ruwa, namun daji, shaƙatawa. Allon American Tree Farm System ne, tsarin da aka fara a 1941 a jihar Washintan, wanda gidauniyar American Forest Foundation take gudanarwa yanzu. Ni da ƙanena mun shigar da namu dajin, eka 62 na itacen fain nau'in lobloli a tsakiyar jihar Jojiya, kuma mun bi matakan har aka ba mu cikakkiyar shaida. Abin da na fahimta shi ne, mai duba ba kyan daji yake zuwa kallo ba. Yana zuwa ne ya ga ko abin da ka rubuta za ka yi, shi ne abin da ke ƙasa.

Sharaɗin shiga mai sauƙi ne: daji na kanka ko na iyali, aƙalla eka 10, wato kimanin hekta 4, da tsarin kula da shi a rubuce. Amma shigar hawa-hawa ce, kuma a nan mutane da yawa suke ruɗewa.

Kafin ma a shiga, kana iya samun rubutaccen tsari kawai, misali ta shirin Forest Stewardship da hukumar gandun dajin tarayya take tallafa wa ta hannun hukumomin jihohi. Wannan tsari ne mai amfani, amma ba takardar shaida ba ce. A cikin American Tree Farm System kuwa akwai matakin da suke kira Pioneer, na wanda ya nuna niyya amma bai cika sharuɗɗa ba tukuna, galibi saboda tsarinsa bai kammala ba. Ana ba shi wa'adi ya gyara, kuma kafin nan katakonsa ba ya shiga lissafin katako mai shaida. Sai cikakken mataki, bayan malamin daji da aka horar kan ƙa'idojin ya zo ya taka dajin ya sa hannu.

Ko a cikakken matakin ma akwai bambanci, kuma ya dogara da jihar da kake. Wasu jihohi sun zaɓi hanyar shaida, inda masu bincike daga waje suke zuwa su tantance shirin jihar. Wasu sun zaɓi hanyar karramawa kawai: za a ba ka allo, za a gayyace ka tarurruka, amma katakonka ba mai shaida ba ne a idon kasuwa. Tun 2008 ƙungiyar PEFC ta duniya, mai tantance shirye-shiryen shaidar kula da daji, ta amince da shaidar wannan tsari, kuma masana'antun da ke bin ƙa'idar SFI, wani shirin shaidar daji na Arewacin Amurka, suna karɓarsa. FSC kuwa, wata ƙungiyar shaidar daji ta duniya, daban take, ba ta ɗaukar wannan a matsayin tata. Don haka kafin ka cike takarda ko ɗaya, tambayi kwamitin jiharka wace hanya suke bi, sannan ka tambayi masana'antun da ke kusa da kai wace shaida suke nema. In FSC suke so, ƙaramin mai daji ya fi dacewa ya shiga ƙungiyar masu daji da ake ba shaida tare, domin kuɗin bincike na kowace shekara ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai eka hamsin ko sittin.

Ƙa'idojin American Tree Farm System guda takwas ne, an sabunta su a 2021, kuma a cikinsu akwai wajibi akwai shawara. Tsarin da aka rubuta yana cikin wajibai, shi ne kuma ya fi cin lokaci. Dole ya faɗi halin da dajin yake ciki yanzu, da burin mai shi, da ayyukan da za a yi, da taswira. Dole kuma ya yi magana a kan lafiyar itatuwa, ƙasa, ruwa, katako, halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wurare na musamman, tsirrai masu mamaya, da ko dajin yana cikin yankin da aka san yana da muhimmanci na musamman. Abin da ke kayar da tsari sau da yawa shi ne barin gurbi. In babu wata halitta da ke fuskantar barazanar ƙarewa a filinka, ba a tsallake wurin. Sai ka rubuta cewa an duba bayanan hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, a rana kaza, ba a samu komai ba. A namu yankin abin da ake dubawa ya haɗa da kunkurun da ke haƙa rami a ƙasa mai yashi, da wani maƙwaƙƙwafi da ke yin sheƙa a cikin tsoffin itatuwan fain masu rai. Ba mu da ko ɗaya, amma sai da aka rubuta hakan.

Wurin musamman kuwa mun same shi: wata tsohuwar maƙabarta a kusurwar gabas, kaburbura ƙalilan da duwatsu marasa rubutu, ciyawa ta rufe su. Irin waɗannan suna da yawa a dazukan kudu. Muka sa ta a taswira, muka shafa fenti a itatuwan da ke kewaye da ita, muka rubuta cewa babu injin da zai shiga. Ko ba don ƙa'ida ba, haƙƙin waɗanda ke kwance a wurin ne.

Mun raba dajin kashi uku a taswira, kowanne da shekarun itatuwansa da aikin da ke jiransa. Kashi na farko fain ne mai shekara 14 da ya isa a rage masa cunkoso. Hikimar daidai take da ta cirar gero bayan ya tsiro: a rage wasu don saura su yi ƙiba. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne jimillar faɗin jikin itatuwa a eka ɗaya, idan an auna kowanne a tsayin ƙirji, ƙafa huɗu da rabi daga ƙasa. Namu ya haura murabba'in ƙafa 120, aka tsara a mayar da shi tsakanin 70 da 80. Idan aka bar fain a cunkushe, rassansa masu rai suna raguwa, girma ya tsaya, sannan ƙwaron da ke huda ɓawon fain ya samu wurin zama, kuma shi in ya shiga yakan kashe itatuwa jere-jere.

Lokacin sara ne ake samun shaida ko a rasa ta, domin aikin da injuna za su yi a mako biyu zai zauna a ƙasa shekaru. Ƙa'ida ta ce a bi dokokin kare ruwa na jihar. A Jojiya, rafin da ke gudana duk shekara ana barin masa shingen itatuwa a kowane gefe: ƙafa 40 in gangaren bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, ƙafa 70 in matsakaici ne, ƙafa 100 in ya yi tsauri. Rafin da ke ƙafewa da rani kuwa ƙafa 20, 35 ko 50 ne. Ana iya cire wasu itatuwa a cikin shingen, amma a bakin rafi mai gudana sai an bar kimanin rabin inuwar. Kada ka dogara da cewa direban injin zai auna da ido. Mu da kanmu muka bi rafin da igiyar awo muka shafa fenti a kan iyakar kafin kowa ya shigo, da launin da ya bambanta da na iyakar fili, don kada a haɗa su.

Ƙetaren rafi ya fi komai jawo matsala. A rage yawansu, a ƙetara kai tsaye ba a karkace ba, a wurin da gaɓar take da ƙarfi, a yi amfani da gadar wucin gadi ko kwalbati. Abin da masu sara marasa kula suke yi shi ne su cika rafin da gungume da ƙasa su bi ta kai. Ruwan sama na farko zai kwashe ƙasar nan ya zuba a ƙasan rafin, kuma jar lakar Jojiya ba ta ɓuya. Bayan an gama aiki a cire gadar, a gyara gaɓa, a shuka ciyawa. Hanyoyin jan gungume da ke kan gangare kuma a yi musu kunya a karkace don ta kori ruwa zuwa cikin daji: in gangaren kashi 10 ne, kusan kowace ƙafa 80, in kashi 20 ne, kusan kowace ƙafa 45. Bakin kunyar ya zama a buɗe, in ba haka ba sai ta zama madatsa, ruwa ya taru ya fasa ta.

Duk wannan ba ya tabbata sai yana cikin kwangila. Tamu ta ƙunshi taswira, da shaidar cewa mai saran ya yi horon Master Timber Harvester na jihar, da takardar inshorarsa, da yadda za a biya, da kuɗin ajiya da ba za a mayar masa ba sai an duba hanyoyi da ƙetare. Sharaɗin da na fi ba muhimmanci shi ne ikon tsayar da aiki in ƙasa ta jiƙe. An yi ruwa mai yawa ana tsakiyar aikinmu, mai saran yana son ya ci gaba saboda masana'anta tana neman kaya, tayoyin injin kuma sun fara nutsewa suna barin kwari. Wannan layi ɗaya na kwangila ne ya tsayar da shi. Ƙasar da injin ya danne tana jiƙe takan daɗe ba ta farfaɗo ba, saiwa ba ta ratsa ta da kyau. In da tan ake biyanka, ka karɓi takardar sikeli ta kowace mota ka ajiye.

Kashi na biyu an share shi gaba ɗaya kafin mu saya, don haka sai dashe. Ƙa'ida ta ba da shekara biyar bayan sara a samu isassun itatuwa a wurin. Mun dasa a tazarar ƙafa 6 da ƙafa 12, wato 605 a eka, a watan Janairu, domin a nan lokacin sanyi ake dashe, daga Disamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris. Abubuwa biyu ke kashe dashe: saiwa ta bushe a hannu kafin ta shiga rami, ko a cusa ta a ramin da bai kai zurfinta ba ta lanƙwashe sama. Ka bi bayan masu dashen ka tono kaɗan ka gani. Ka kuma kama ganye uku ko huɗu ka ja: in tsiron ya taso, ba a danne ƙasar ba. Bayan kakar farko sai a ƙirga waɗanda suka rayu. A kafa sanda, a ɗaura igiya mai ƙafa 11.8, a zagaya. Wannan da'ira kashi ɗaya ce cikin ɗari na eka, sai a ninka adadin da 100. A yi haka a wurare da dama a ɗauki matsakaici. In ya gaza 300 a eka, malaman daji sukan ba da shawarar a sake dashe. Takardar wannan ƙidaya tana cikin abin da mai duba ya tambaya.

Feshi da ƙona ƙasan daji ba su da wuyar sha'ani in akwai rubutu. Maganin ya zama wanda hukuma ta amince da shi, a bi abin da ke jikin kwalba, a rubuta suna da adadi da rana da wanda ya fesa. Wuta kuma sai da izinin hukumar gandun dajin jihar, kuma a gundumomi da dama an hana ƙone-ƙone daga 1 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba.

Ranar dubawa ba ta da tsawo. Malamin dajin ya karanta tsarin, ya nemi kwangila da takardun feshi, sannan muka taka iyaka, da bakin rafi, da wurin da aka tara gungume, da maƙabartar. Ya nuna mana inda wata shuka mai mamaya ta fara kama gindin rafi, ya ce a ƙara ta a tsarin da ranar da za a magance ta. Bayan haka ana sa ran sake dubawa kusan duk shekara biyar, kuma kowace shekara ana zaɓar wasu dazuka a bincika, naka na iya faɗowa ciki. Saboda haka duk canjin da aka yi, ko guguwa ce ta kayar da itatuwa ko an ɗage sara, a rubuta a gefen tsarin da kwanan wata. Rubutun hannu ya wadatar.

Iyalai ne ke riƙe da fiye da kashi ɗaya cikin uku na dazukan Amurka, masu su miliyoyi ne, amma waɗanda ke cikin wannan tsari dubbai ne kawai. Dalili ɗaya a fili yake: da wuya shaidar ta ƙara maka farashin tan. Abin da take yi shi ne ta sa masana'antar da ke da buƙatar katako mai shaida ta karɓi naka lokacin da take juya wasu baya. Ba ta rage haraji da kanta ba, shirin rangwamen harajin filaye na Jojiya daban yake, da alkawarin shekara goma. Dalili na biyu ya fi ciwo, shi ne filin gado da ba a raba ba kuma ba a sabunta takardarsa ba, abin da ya yi wa iyalan baƙar fata na kudu asarar filaye masu yawa. In sunan kaka ne har yanzu a takarda, magada ashirin kuma suna warwatse, babu mai ikon sa hannu a tsari ko kwangila shi kaɗai. Wanda yake cikin wannan hali ya fara da lauya da zaman iyali kafin ya kira malamin daji. Mu biyu ne kawai, amma duk da haka sai da muka rubuta wanda zai riƙa sa hannu a madadinmu, da yadda za a yi da rabon kowa in ɗayanmu ya rasu.