Tsarabar kwalba: abin da aikin tikitin jirgi ya koya mini

A ofishin sayar da tikitin jirgi, bayan maganar kuɗi sai ta kaya: kilo nawa aka ba ni? Mu ce jaka mai kilo 23, wani kamfanin ma biyu, mutum ya fita yana murna. Amma da na daɗe a aikin sai na lura ba nauyi ne ya fi ɓata wa matafiya rai a filin jirgi ba. Abu mai ruwa ne: zuma, man zaitun, man habbatus sauda, turare, zamzam.

Tun shekarar 2006, da 'yan sandan Ingila suka bankaɗo shirin tayar da bam na ruwa a jiragen da ke zuwa Amurka, aka hana shiga jirgi da kwalbar da ta wuce mililita 100 a jakar hannu, kuma har yau haka ake yi a yawancin filayen jirgi. Girman kwalbar ake dubawa, ba abin da ya saura a ciki ba. Hajiya za ta ce, "Ɗana, ai ɗan kaɗan ne ya rage a gindinta," jami'i kuwa ya karɓe ya jefa a kwandon shara. Wannan yana ci mini rai, don sau da yawa turaren da aka saya wa mahaifiya ne.

Shi ya sa nake zaunar da mutum in nuna masa yadda ake ɗaure kwalba a babbar jaka. A buɗe murfin, a shimfiɗa 'yar leda a baki, a mayar da shi a murɗe sosai, a zagaye da salatif. Sannan a sa ta a leda biyu, a naɗe da zani ko tawul, a binne ta a tsakiyar tufafi, nesa da gefe da wajen tayoyi. Kada kwalba biyu su taɓa juna. Masu lodin kaya jifa suke yi, kuma man zaitun in ya fashe a kan shadda, to an yi asarar biyu. A kuma tuna litar zuma ɗaya tana kai kilo 1.4, ban da nauyin kwalbar.

Muna da abokan ciniki waɗanda ba Musulmi ba, masu dawowa daga Faransa ko Afirka ta Kudu da giyar inabi. Ni ba na sha, amma haƙƙinsu ne in gaya musu ƙa'ida. Dokar jiragen sama ba ta iyakance abin da barasarsa ba ta wuce kashi 24 cikin 100 ba. Kilo da kwastan ne ke iyakance shi. Daga 24 zuwa 70, lita 5 kawai ga mutum ɗaya. Wanda ya saya a shagunan cikin filin jirgi, ya bar ta a rufaffiyar ledarta tare da rasit har ya sauka. Kuma ba na yanka wa mai irin wannan kaya tikitin da zai bi ta Jidda ko Riyad, don Saudiyya ta haramta shiga da giya.

Zamzam ne ya fi wuyar bayani, saboda ƙauna ce ke sa mutum ɗura shi a gorunan roba ya cusa cikin tufafi. Na fahimci wannan, dangi na jira a gida, kowa na son kurɓi ɗaya. Sai dai hukumomin Saudiyya sun hana sa shi a cikin jaka, na'ura kuma tana gani. Za a buɗe jakar a cire, wani lokaci ta makara ba ta biyo jirginka ba. Abin da aka yarda da shi jarka ce ta lita 5 a rufe cikin kwalinta, ɗaya ga kowane mutum. Mai umara yana saye a filin jirgin Jidda ko Madina, alhazan Najeriya kuwa hukumar alhazai ke raba musu nasu bayan sun sauka gida.