Neman Karabat a Maraɗi

Wata Lahadi cikin Janairu, hunturu ya kankama, na hau motar Jibiya daga Katsina da 'yar jaka ɗaya a kafaɗa. Direba ya tambaye ni ko kaya zan sauko da su daga Maraɗi, na ce masa e, ban ƙara ba. Ta ina zan fara yi masa bayanin cewa magidanci mai 'ya'ya uku zai ƙetare iyakar ƙasa don neman tsofaffin nektaye?

Abin daga akwatin mahaifina ya faro. Malamin makaranta ne, Allah ya ji ƙansa. Ranar rabon kayansa kowa idonsa na kan manyan riguna da huluna, babu wanda ya kalli nektaye huɗu da ke naɗe a ƙasan akwati sai ni. Yau shekara tara ke nan, huɗun nan sun haura sittin. Uwargida igiyoyin Malam take ce musu. Na kakkaɓe 'yan gwanjon Katsina, na bi Ƙofar Wambai a Kano rumfa-rumfa, abin da ake samu yanzu galibi sabon yayi ne na roba mai ƙyalli. Wani mai gwanjo ne ya gaji da ni ya ce, "Malam, ka je inda ake kwance dilar mana." Ya kuwa yi gaskiya. A takarda Nijeriya ta hana shigo da gwanjo, shi ya sa shekara da shekaru diloli suka yi ta sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hauro Maraɗi, sannan su sulalo kudu.

Tsakanin Katsina da Maraɗi bai cika kilomita 100 ba, amma shingaye sun sa tafiyar ta ci rabin yini. A Magama na canji kuɗi, muka wuce Ɗan Isa, daga nan lissafi ya fara kwance mini. Mutanen Nijar da dala suke ƙirga, kowace dala sefa 5. In mai shayi ya ce maka ashirin, sefa 100 yake nufi. In ya ce ɗari, 500 ke nan, jikka kuma 1,000. Sau biyu ina miƙa kuɗin da bai kai ba ana dubana da tausayi.

Ɗan gwaggota ne ya tarbe ni a tasha da babur ɗinsa. Taubashina ne, don haka ban sa ran ladabi daga gare shi ba.

"Kai dai ba ka da aiki," in ji shi tun ban zauna ba. "Mutane na zuwa Maraɗi biɗar arziki, kai ka taho biɗar igiyar akuya. To ka riƙe, nan karabat muke ce mata, gwanjon naku kuma bosho. In ka ce nektaye, sai a ɗauka magani kake nema."

Na bar shi ya more, amma sunan nasu ya girmi namu nesa ba kusa ba. Karabat daga Faransanci ya fito, Faransawa kuma daga sunan mutanen Kuroshiya suka ciro shi, sojojin haya da suka yi wa sarkin Faransa aiki a Yaƙin Shekara Talatin, tsakanin 1618 da 1648, suna ɗaure da ƙyalle a wuya. Mutanen Paris suka gani suka ɗauka. Har gobe Kuroshiya na ware 18 ga Oktoba don tunawa da wannan ƙyalle. Da na gaya wa taubashi haka, cewa ya yi ashe ma kayan sojan gona ne.

Litinin da hantsi muka shiga babbar kasuwa, ɓangaren 'yan bosho. Rigunan sanyi ne ke ci a lokacin, an rataye su reras, kowa na ciniki. Karabat kam babu mai rataye ta. Sai a rumfa ta biyar wani dattijo ya duƙa ƙarƙashin tebur ya jawo buhu, ya zazzage a kan tabarma. Suka zubo a cuɗe kamar macizai a rami.

"Dala ashirin-ashirin," ya ce. "Zaɓi."

Ina tsugune wata tsohuwa ta zo ta ɗauki biyu, ta ja su da ƙarfi ta ga ba su tsinke ba, ta biya. Na tambayi dattijon me za ta yi da su. Ya ce ƙullin kaya, wasu kuma zariyar wando, masu kiwo su ɗaure 'yan awaki. Taubashi ya dube ni, bai ce komai ba, wanda hakan ya fi magana ciwo.

Awa biyu na yi a kan tabarmar nan. Mai wannan sha'awa yana da abubuwan da yake dubawa, kuma na farko ba launi ba ne. Kama ta za ka yi ta siririn bakin, ka sake ta ta yi reto. In ta sauka sambal, yankan ya yi. In ta murɗe kamar igiyar rama, ajiye ta, don haka za ta riƙa juyawa a ƙirjinka. Dalili shi ne ta kirki a karkace ake yanka yadinta, ba bin tsawon zare ba, a ƙyalle uku a haɗe. Wani mai ɗinki a New York, Jesse Langsdorf, shi ya yi rajistar wannan dabara a shekarun 1920, kuma ita ke sa yadin ya miƙe in an ɗaura, ya koma yadda yake in an kwance. Daga nan sai ka juya bayanta ka buɗe bakin. In ka ga wani zare ya yi 'yar hanju a ciki kamar an manta da shi, ɗinkin hannu ne, kuma da gangan aka bar shi don ya ba yadin damar motsi. Wanda bai sani ba yakan sa almakashi ya datse, washegari ɗinkin ya warware tun daga sama har ƙasa.

Shekarunta kuma a faɗinta ake karantawa. Na tsinci wata siririya baƙa, ba ta wuce yatsu biyu ba, irin ta farkon shekarun 1960, a bayanta an rubuta Tergal, yadin robar Faransa da tsofaffin telolin Nijar suka sani sarai. Na tsinci wata ruwan ƙasa da ruwan goro mai faɗin tafin hannu, irin wadda mai tsara tufafi Michael Fish ya fito da yayinta a Landan ƙarshen shekarun 1960, ta mamaye shekarun 1970. Muni kam tana da shi, ba na musu, amma muni ne na zamaninta, na saka ta a gefe. Masu ratsi ma suna faɗin garinsu: ta Ingila ratsin daga kafaɗar hagun mai sanye yake gangarowa zuwa dama, ta Amurka kuwa akasin haka.

Can ƙasan tulin hannuna ya taɓa wani abu mai sanyi da nauyi. Shuɗiya ce mai duhu da ƙananan ɗigo, siliki, a bayanta sunan Como, garin masaƙan siliki na arewacin Italiya. Lamba ba ta isa shaida ba, don jabu ya yi yawa, sai na zaro ɗan zare daga cikin ɗinki na roƙi ashana. Siliki in ya ƙone warin gashi yake yi, tokarsa ta murmushe a yatsa. Roba narkewa take ta dunƙule. Wannan ta yi warin gashi.

Kuskurena shi ne na bar fuskata ta nuna. Dattijon da tun ɗazu yake jan carbi bai ko dube ni ba, sai ga shi ya matso.

"Wagga ba ta cikin na ashirin, Malam."

"Haba Alhaji, ba daga buhu ɗaya suka fito ba?"

"Daga ciki ɗaya ake haihuwar sarki da talaka."

Jikka guda na biya, na haɗa da guda bakwai na ashirin-ashirin. Ban yi ciniki sosai ba, don na san abin da na riƙe. Na kuma yi alkawari a raina ba za ta ga ruwa ba. Ɗaya daga cikin huɗun mahaifina haka na rasa ta: ta bi kayan wanki, mai wanki ya dirje ta da sabulu, ya danne ta da dutsen guga na gawayi, ta dawo a shafe kamar kilishi. Siliki ba a jiƙa shi, ba a danne gefensa. Naɗe shi ake yi a bar shi ya kwana, tamojin ya saki da kansa.

Da la'asar taubashi ya ce akwai wanda ya kamata in gani, mahaukaci irina. Muka gangara wajen tsofaffin unguwanni, inda gari ke kallon fadamar Gulbi. Asalin Maraɗi a can ƙasa take, ambaliyar 1945 ce ta cinye ta aka hauro tudu. Ni Bakatsine ba na jin baƙunta a nan, don sarautar garin ma ta Katsina ce, ta waɗanda suka baro Birni bayan jihadi.

Mutumin tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ya haura tamanin, kowa Mushe yake ce masa har jikokinsa. Muka same shi a zaure kan kujerar kwance da rediyo a gefe. Bayan gaisuwa ta yi tsawo yadda ya kamata, taubashi ya faɗi abin da ya kawo ni, yana danne dariya. Mushe bai yi dariya ba. Ya aiki wata jikarsa ta ɗauko gwangwanin biskit da tsatsa ta ci gefensa. Da ya buɗe, ƙamshin kanumfari ya cika zauren, wai don asu. Goma sha ɗaya ne a ciki, kowace a naɗe kamar nadin tabarma.

Ni da na saba tambayar wane kamfani, wace shekara, sai na tarar shi ba haka yake lissafinsu ba. Wannan ita ya ɗaura ranar da ya fara shiga aji, zamanin Diori Hamani. Wannan ta ranar da sufeto ya zo daga Yamai cikin zafin Afrilu, gumi ya jiƙa ta har launin ya zuba a rigarsa, ga tabon nan. Wannan ja da ita yake jagorantar yara fareti duk 18 ga Disamba. Ya ce yana tuna lokacin da suka ji a rediyo Mobutu ya hana kwat da karabat a Zayar, abokan aikinsa suka yi ta gardama a kai har dare, shi dai washegari ya ɗaura tasa ya tafi aji.

Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, ko za a sayar mini da guda?"

Ya dube ni, ya dubi wuyana.

"Ɗana, kai da ka ƙetaro iyaka saboda karabat, ina taka?"

Ban da amsa. Gaskiyar ita ce sittin ɗin nan a durowa suke kwana. A shekara bai fi in ɗaura sau uku ba. Kaftani nake sawa in tafi aiki kamar kowa, don ranar da na ɗaura, tun daga bakin layi ake fara tambayata ko kotu za ni, wani ya ce Nasara ya tashi, wani ya ce in sassauta kar in shaƙe. Na faɗa masa haka. Ya ce su ma an yi musu, har da waƙa yara suka yi masa a garin da aka fara tura shi.

Ya zaro wata kore mai duhu, siririya, ya ce in ɗaura ya gani. Allah ya sa rigar da ke jikina mai kwala ce. Na yi ɗaurin Winsa, wanda nake taƙama da shi. Ya girgiza kai. Ya ce wannan ƙulli ya yi mata ƙato, ya cinye tsawonta, dubi inda ta tsaya, ko cibiya ba ta kai ba. Na da gajeru ne, don wandon lokacin a cibiya ake ɗaure shi. Ya sa na durƙusa gabansa. Hannunsa na rawa, idonsa ma ba ya gani sosai, amma yatsun sun san hanya: zagaye ɗaya, ya cusa, ya ja, ya sa ɗan yatsa ya yi mata 'yar kwarmi ƙarƙashin ƙullin. Ko minti ɗaya bai yi ba.

"Ba ta saidawa ba ce," ya ce. "Aro na ba ka. Da ita za ka koma Katsina, a wuya, ba cikin jaka ba. In ka ga ba ka iyawa, ka ba wanga ya maido mini."

Talata da safe haka na fito. Taubashi ya ƙi ɗaukata, wai kar a ce ya zama direban wani, sai ɗan kabu-kabu na hau, iskar hunturu na jefa karabat ɗin bayan kafaɗata. A tasha yaran mota suka yi ta kirana Mushe, aka ba ni gidan gaba ba tare da na nema ba, aka kuma nemi ƙarin kuɗi a kansa. A wani shinge jami'in da shekaranjiya ko kallona bai yi ba, ya juya katina gaba da baya, ya tambaye ni ko ɗan jarida ne ni. Bayan mun wuce Magama wata mata a kujerar baya ta taɓo ni, ta ce, "Lauya, don Allah ina da wata magana ta gado." Na ce mata malamin makaranta ne ni. Ta ce ba komai, in dai saurara, ta fara tun daga kan kakanta, ba ta kai ga gonar ba har muka shigo Katsina.