Hancin Vampire ba ya son ƙusa

Asabar, Aboabo, Kumasi

Yau ban leƙa shago ba. Na bar wa yarona makulli, na ce duk wayar da matsalarta ta wuce canjin gilashi ko batir, mai ita ya dawo Litinin. Tun farkon mako ake tafka ruwa, kuma duk wanda ya taɓa feshin fenti da damina ya san aikin danshi. Za ka fesa abu yana ƙyalli, kafin ka wanke hannu ya dushe ya yi hazo-hazo. Da na fito daga sallar asuba na ga sama tas, sai na ce yau kam zan gama ƙaramin jirgin saman da nake haɗawa.

Jirgin de Havilland Vampire ne, samfurin FB.9, na roba, a ma'aunin 1/48. Faɗin fuka-fukan na gaske kusan mita 11.6 ne, nawa santimita 24, ya ɗan ɗara taƙi. Ƙanena da ke Ingila ya aiko min da shi cikin kayan wani mai dawowa gida, don ni dai ban taɓa cin karo da mai sayar da irinsa a Adum ko Kejetia ba. Da ya tambaye ni wanne nake so, ya zaci zan ce Me 262 na Jamus ko Gloster Meteor na Ingila, tunda suna cikin jiragen jet na farko da suka shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1944, su kowa ya sani. Vampire ya makara. Ya fara tashi ranar 20 ga Satumba 1943 a Hatfield, amma bai shiga aikin soja ba sai 1946, bayan an tashi daga yaƙin. Siffarsa ce ta ja ni: gajeren jiki kumburarre, sai wutsiya biyu sirara da suka miƙe baya, an haɗa su da fiffike ɗaya a ƙarshe. Ba don ado aka yi haka ba. Injinsa ɗaya ne, Goblin, kuma injinan jet na farko ba su da ƙarfi sosai, in bututun hayaƙi ya yi tsawo sai ƙarfin ya ragu a hanya. Sai suka gajarce jikin, hayaƙi ya fita nan take, wutsiyoyi suka ratsa ta gefe da gefe.

Waɗannan wutsiyoyin su suka fi cin raina a aikin nan gaba ɗaya. In ɗaya ta karkace da ko kaurin farce ne, fiffiken baya zai kwanta a jirkice, ido kuma ba ya yafe wannan. Ranar da na manna su, akwatunan ashana na jera a kan tsohon gilashin taga na tokare su har gam ya kama. Yau da safe na sake ɗaga shi daidai ido na leƙa ta baya, suna nan a miƙe.

Na sha koko da ƙosai a tsaye, na share teburin tsakar ɗaki, na jawo fitilar da nake gyaran waya da ita da hantsakina. Fentin azurfa ya riga ya bushe tun kwanaki. Abin da ya rage shi ne tambari, da rufin ƙarshe, da ƙafafu.

Tambarin nan ba irin sitikar da ake ɓarewa a manna ba ne. Fata ce siririya a kan takarda. Ka yanko guda, ka tsoma a ruwan ɗumi kaɗan, ka ajiye a kan tsumma ka jira. In ka yi gaggawa ta yage, in ka bar ta ta daɗe gam ɗinta ya narke ya bi ruwa. Da ka taɓa da burushi ka ga ta motsa, sai ka kai takardar bakin wurin, ka zame ta a hankali ta sauka kan jirgin. Na fara da manyan da'irorin sojan saman Ingila, ja a tsakiya, fari, shuɗi a waje. Na ɗiga ruwa a kan fiffiken tukuna don ta yi iyo in samu damar juya ta, na daidaita ta da layin da ke jikin robar, sannan na naɗa auduga a tsinken sakace na riƙa murzawa daga tsakiya zuwa baki, ruwa da iska suna fitowa ta gefe. Iskar nan ce abokiyar gaba. In ta maƙale a ƙasa, gobe za ka ga wurin yana walƙiya daban, kowa ya gane manne aka yi. Shi ya sa ake sa tambari a kan fenti mai santsi, ba mai kaushi ba.

Manya ba su da wahala. Ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi, na wurin zuba mai da na inda ba a takawa, su ne masu sa mutum ya riƙe numfashi. Wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ina cikin ɗora ɗaya aka ɗauke wuta, na kwashi tebur na koma bakin taga. Uwargida ta leƙo ta ce wanda zai karanta wannan rubutun sai ya zo da madubin likita. Gaskiyarta, amma na sa su duka.

Bayan azahar na fita baranda na fesa ruwan ƙyallin da ake rufe fenti da shi, siriri, na kife roba a kai saboda ƙura. Da ya sha iska na zo kan abin da na fi ɗoki, ɓare salatif ɗin takarda da na rufe gilashin matuƙi da shi. Da bakin reza na ɗaga kusurwa, na ja da hantsaki. Gilashi ya fito garau, firam ɗinsa na azurfa a miƙe, kujera da sandar tuƙi suna nan a ciki baƙi ƙirin. Kujerar ba mai harba matuƙi waje ba ce. Vampire mai mutum ɗaya na sojan Ingila ba shi da ita, in abu ya ɓaci sai dai mutum ya fita da kansa. Shi FB.9 kuma an yi shi ne don ƙasashe masu zafi, aka sa masa na'urar sanyaya ɗakin matuƙi a gindin fiffiken dama, don haka bakin shan iskar wannan gefen ya ɗan fi na hagu tsawo. Wanda bai sani ba zai ce robar ce ta zo a karkace.

Sai ƙafafu. Duk jirgin da ke da taya a hanci, in na roba ne, yana son zama a kan wutsiya, balle mai wutsiya biyu. Na gaske inji da bindigogi huɗu masu milimita 20 da ke ƙarƙashin hanci suna riƙe shi, na roba kuwa fanko ne. Tun kafin in rufe jikin na je wurin mai faci a hanyar Asawase na roƙi tsohuwar dalmar da ake maƙala wa taya, na yanyanka na cusa a hanci da ƙarƙashin kujera. Amma ba ka da tabbas sai ranar da ya tsaya da ƙafarsa. Na manna ƙafafu, na jira, na ajiye shi a tebur na janye hannu. Ya tsaya a kan uku. Ɗan yayata, da ya wuni yana gadin ƙofa kada ƙannensa su shigo, ya danna wutsiyar da yatsa ya saki, hanci ya koma ƙasa da kansa. Ya ce, "Kawu, saura ya tashi." Na ce wannan sai dai ka je bakin filin jirgi ka kalli na Accra.

Wajen la'asar Masta ya iso daga Magazine, unguwar masu gyaran motoci da ke Suame, hannunsa duk fenti. Shi ya koya min feshi: tina da yawa, fenti kaɗan, hannu kada ya tsaya wuri ɗaya. Mutum ne da ya shekara yana fesa motoci a Suame, idonsa ba ya kuskure. Ya juya jirgin, ya yaba azurfar, sannan ya ɓata fuska.

"Alhaji, aikinka bai ƙare ba. Dubi fuka-fuki, ga layi ga kawunan ƙusa. Dubi hanci, sumul kamar ƙwai. Kawo allura in huda maka ƙusoshi a jere, mu zuba baƙi a ciki, ya fito jirgi sosai."

Na ce masa, Masta, wurin nan katako ne.

Bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wa zai ce jirgin da ke gudun sama da kilomita 800 a awa da katako aka yi gabansa? Amma haka ne. Fuka-fuki da wutsiyoyi na alminiyam ne, ɗakin matuƙi da hanci kuwa falle-fallen katako ne aka sa icen balsa mara nauyi a tsakiya, aka lulluɓe da yadi, aka shafe da fenti. Kamfanin ya gaji wannan dabara daga jirginsa Mosquito na lokacin yaƙi, wanda har masu yin kujeru da kabad a High Wycombe suka yi aikin sassansa. To ƙusar me zan huda a jikin yadi?

Na san abin da Masta yake nufi. Ina ganin hotunan masu wannan sana'a a intanet, wasu sukan cika kowane layi da baƙi, su yi wa jirgi tabo da tsatsa har ya zama abin kallo. Yana ɗaukar ido, ban musa ba. Ni dai a wurina in an ƙara abin da babu shi don a burge mai kallo, an tashi daga ƙera Vampire an koma ƙera wani jirgin da ba a taɓa yi ba. Santsin hancin nan shi ne labarin jirgin. In na huda shi na goge abin da ya sa na zaɓe shi.

Muna cikin haka Kawu, ɗan'uwan mahaifiyata, ya shigo da sandarsa. Tsohon kafinta ne, ya yi zamani a unguwar Anloga a nan Kumasi kafin a mai da masu katako Sokoban. Masta ya ce, "Baba, zo ka raba mu, wai jirgin yaƙi na katako." Kawu bai ce komai ba. Ya karɓa, ya cire tabarau, ya bi tsakiyar hancin da farcen babban yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi.

"Ɓari biyu ne wannan?"

Na ce ɓari biyu ne, Kawu, dama da hagu. Na gasken ma haka ake yin sa, a kan ƙwarya biyu, sannan a haɗe.

"Ina mahaɗin?"

A nan na ji daɗin da ban ji ba ko lokacin da gilashi ya fito. Mahaɗin nan na cike shi da fila, na goge da samfefa mai laushi da ruwa, na fesa, na ga alama, na sake gogewa, har sai da ya ɓace. Fentin azurfa ba ya rufa wa kowa asiri, ƙaramin ƙarzo sai ya fito da shi fili. Kawu ya miƙa wa Masta jirgin ya ce, "Ɗana, mai ƙarfe yana nuna ɗinkinsa, mai katako ɓoyewa yake yi. Ka bar masa hancinsa." Masta ya yi dariya ya ce an haɗa masa kai, kafinta da ɗan 'yar'uwarsa.

Daga nan hira ta koma Takoradi, garin tashar jiragen ruwa a nan Ghana. Kawu ya ce haɗa jirgi daga akwati ba yau aka fara shi a ƙasar nan ba, babansu ya yi lebura a can lokacin yaƙin Hitila. Wannan kam sananne ne. Daga 1940 Turawan Ingila suna kawo jirage a manyan akwatuna ta ruwa, irin su Hurricane da Blenheim, a haɗa su a Takoradi, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartoum har Alƙahira. Sama da 5,000 suka bi wannan hanya. Duk masu farfela ne, zamanin jet bai zo ba tukuna. Kawu ya ce babansu bai taɓa taɓa jirgi ba, akwatunan yake ɓarewa, kuma har ya rasu yana yabon katakonsu.

Masta ya tafi kafin magariba, ya ce in kawo masa na gaba ya fesa da kansa, amma ya zama mai ƙusa. Na ce MiG-15 nake nema, wannan ƙarfe ne tun daga hanci har wutsiya, zai ƙoshi.

Kawu kuwa ya ƙi tashi sai da na kawo masa tef. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya ƙara yatsa uku kowane gefe, ya rubuta a bayan kwalin. Wai ba zai bar shi a kan talabijin yara da ƙurar hunturu su gama da shi ba, akwatin gilashi zai yi masa. Na ce a yi gindin da katakon da ake kira wawa, ya fi araha. Ya harare ni, ya ce yana da guntun katakon sapele da ya ajiye tun Anloga. Katako nasa, kuɗin gilashi nawa, kuma in kai masa kafin Laraba.