Kwanan watan da ban rubuta ba ya raba mu da gwaninmu

Har yau magoya baya na cewa kuɗi ne ya ɗauke mana yaron. Ni na rubuta kwantiragin, na kuma san ba nan gizo ke saƙar ba.

Ina riƙe da takardun wata ƙungiyar ƙwallon kwando a nan Kaduna lokacin da muka ɗauke shi. A gurbin wa'adi na sa "kaka ɗaya". Ban sa rana ba, ban sa wata ba. Wanda ya san gasar firimiyar ƙasar nan ya san ba ta da tsayayyen lokaci, wata shekarar a ɗaga, wata a dunƙule ta cikin 'yan makonni. Muna buga wasan ƙarshe ejan ɗinsa ya ce kaka ta ƙare, yaro ba shi da ubangida. Ni a lissafina muna da sauran wata biyar.

Wata ƙungiya daga waje ta nemi takardar sallama ta hannun hukumar ƙasarsu zuwa NBBF, hukumar ƙwallon kwando ta Najeriya. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, kwana 7 ake bayarwa a amsa, kuma hujjar hanawa ɗaya ce tak: ɗan wasa yana cikin kwantiragi mai rai. Ba bashi ba, ba "mu muka rene shi" ba. Na juya takardata gaba da baya, babu layin da zan nuna. Ko sisi ba mu samu ba, don ban sa farashin sayen kwantiragi ba.

Kuɗin sa hannu kuwa kashi biyu muka raba, kashi na biyu ya makara da mako shida. Bai yi magana ba. Shirun nan na ɗauka haƙuri ne, ashe a lokacin ya fara ɗaga wayar ejan. Ya kuma taɓa gurɗe idon sawu ya biya hoton asibiti daga aljihunsa. Gwani yana kallon abu uku: albashi a kan rana, wa zai kula da shi in ya ji rauni, da inda za a gan shi. Tun da aka fara BAL, gasar ƙungiyoyin ƙwallon kwando ta Afirka, a 2021, na ukun ya fi nauyi, don yawanci zakaran ƙasa ke zuwa.

Wani aboki ya lallashe ni da cewa ai Masai Ujiri, ɗan Zariya, ya ci kofin NBA, babbar gasar Amurka, yana shugaban ƙungiyar Toronto a 2019, amma gwaninsu Kawhi Leonard ya kwashe kayansa zuwa ƙungiyar Clippers. To shi Masai ya san ranar ƙarewar kwantiragin, da idonsa biyu ya yi cacar. Ni ranar ma ban rubuta ba.

Yanzu ba na miƙa biro sai an sa ranar farawa da ta ƙarewa da lambobi, ranar biyan kowane kashi, wanda zai biya asibiti, da farashin sakin ɗan wasa. Zancen sabuntawa kuma tun tsakiyar kaka nake tayar da shi, kafin ejan ya riga ni.