Kama da wane ba ta wane: abin da na koya a bakin tarko

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, a sashen nazarin dabbobi, aikin binciken da ya faɗo mini shi ne ƙidayar ƙananan namun daji masu cin nama da ke zagaya gonaki da gidajen kaji a gefen birnin Kano. Tarko goma sha biyu aka ba ni, irin na keji wanda ƙofarsa ke faɗowa idan dabba ta taka farantin ciki, ba ya kisa, ba ya karya ƙafa. Da la'asar sakaliya nake ɗana su a wajejen Ɗanbare da Janguza, in saka busasshen kifi ko hanjin kaza, in dawo bayan sallar asuba. Akwai wani dattijon maharbi da malamina ya haɗa ni da shi don ya nuna mini hanyoyin dabbobi. Baba nake ce masa, shi kuma ɗan boko yake kirana.

Na shiga aikin kaina cike da littattafai, yawancinsu kuwa Turawa ne suka rubuta a kan dabbobin ƙasarsu. A cikinsu na haddace wasu dabbobi biyu 'yan uwan juna da ke wahalar da masu tarko a Ingila, sitot da wizil. Dukkansu dogaye ne sirara masu gajerun ƙafafu, baya ruwan ƙasa, ciki fari-fari. Sitot ya fi girma, to amma namijin kowannensu ya ɗara macen nesa ba kusa ba, shi ya sa ƙaton namijin wizil kan kai ƙaramar macen sitot. Girma kaɗai ba ya raba gardama, sai an duba jela. Ta sitot doguwa ce, kanta baƙi ƙirin, kuma ko a ƙasashen da yake rikiɗewa ya koma fari fat lokacin ƙanƙara, wannan baƙin ba ya gushewa. Ta wizil guntuwa ce, ba baƙi. Layin da ya raba launin baya da na ciki a miƙe yake a jikin sitot, a jikin wizil kuwa karkace. A Amurka ma akwai na uku, mai doguwar jela, shi ma da baƙin kai, sai an sa ma'auni an gwada jelar da tsawon jiki kafin a yanke magana. Ba kuma wasan ilimi ba ne a wajensu. Tun watan Afrilun 2020 dokar Birtaniya ta hana kama sitot da wasu tsofaffin tarkunan ƙarfe da har yanzu ta halatta a kan wizil. A Niyuzilan kuma, inda aka kai sitot a shekarun 1880 don ya rage zomaye, tsuntsayen ƙasar ya koma wa, har da kiwi.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ina jin daɗin na san shi. Matsalar ita ce na ɗauko shi na shigo da shi gonar gero a Kano.

Wata rana babur ya lalace mini, ban isa tarkuna ba sai da hantsi ya dubi ludayi. A na bakin wata shuri na tarar da wata dabba siririya, doguwa, ja-ja, tana kai da komo a cikin keji, kan jelarta baƙi. Zuciyata ta buga. Nan take na rubuta sitot a takardar aiki, na ɗauki hoto, na sake ta. Baba ya ce tunku ne, amma ban sa maganarsa a takarda ba.

Da na kai wa malamina, ya daɗe yana kallon hoton kafin ya ɗago.

"Me ka gani da idonka?"

Na ce, "Malam, sitot ne, ga baƙin jela nan."

"Ban tambaye ka sunansa ba. Cikinsa wane launi ne? Jelar ta kai nawa in an gwada da jiki? Ƙarfe nawa ya shiga?"

Ko ɗaya ban rubuta ba. Ya nuna mini a hoton: cikin ba fari ba ne, gashin da ɗigo-ɗigo kamar an barbaɗa masa gishiri da barkono, jelar ta kusa tsawon jikin gaba ɗaya, abin da sitot bai taɓa yi ba. Ya ce a duk Afirka babu sitot, wizil ma sai can arewa, irin su Maroko da Aljeriya da Masar. Wannan siririn tunku ne, mai yawon rana, kuma danginsa sun fi kusa da kyanwa da kura. Masu dangantaka da wizil a ƙasarmu su ne irin su bodari da dage. Daga ranar ya sa na raba takardar aikina gida biyu. A hagu nauyi, tsawon jiki, tsawon jela, launin ciki, zanen fuska, namiji ne ko mace, lokaci da wuri. Suna yana can ƙarshen dama, kuma da fensir.

Na fahimci daga baya cewa da zarar ka raɗa wa abu suna, idonka ya daina dubawa. Alama ɗaya na riƙa, ita ce kuwa ta kai ni ta baro. Wannan makarar ta koya mini wani abu dabam mai nauyi: kejin ƙarfe a ranar Kano tanda ne. Dabbar tana haki lokacin da na iso, da na ƙara awa biyu da gawa zan tarar. Tun daga nan nake rufa wa kowane tarko buhu da ciyawa, in kuwa na san ba zan iso da wuri ba, ba na ɗanawa. Wanda ya tsare rai, haƙƙinsa na wuyansa.

Sunayenmu na Hausa ma sai da na sake zama da su. Tunku ba ɗaya ba ne. Akwai siririn nan na rana, akwai babba mai farar jela da ke fita da dare, nauyinsa ya ninka na siririn sau da yawa. Baba ya san bambancinsu sarai, har sawunsu yana rabewa a kan rairayi, sunan ne kawai ɗaya a bakinsa. Ilimin yana wurinsa, ni ne ban iya tambaya ba. Maimakon "mene ne wannan?" sai na koma cewa, "Baba, yaya aka yi kuka gane?" A nan ne bakinsa yake buɗewa.

Bodari kuwa hanci ne ke fara sanar da kai tun kafin ido. Wanda muka saba da shi baƙi ne mai fararen zane huɗu daga ƙeya zuwa gindin jela, da fararen tabo uku a fuska, ɗaya a goshi, ɗaya a kowane kunci. Na kama shi ba sau ɗaya ba, har na ɗauka na gama saninsa. Sai ranar da Baba ya ja ni Kasuwar Kurmi wajen masu sayar da kayan maganin gargajiya, ya zaro wata 'yar fata daga cikin tari ya miƙo mini. Na ce ɗan bodari ne bai gama girma ba. Ya girgiza kai.

"Ɗan boko, sake dubawa. Ƙaramin nan ba ɗan babban ba ne."

Na juya ta a hannu. Farin fuskar ba tabo uku ba ne, zobe ne guda da ya ratsa goshi ya sauko ta kumatu. Zanen bayan a cakuɗe yake, gashin ya fi tsawo da laushi, farin ya rinjayi baƙin. Wannan shi ne bodarin bakin Sahara, wanda masana ke kira Ictonyx libycus, namu kuma Ictonyx striatus. Jinsi biyu ne dabam, kuma a ƙasashen Sahel akwai inda suke haɗuwa. Kuskuren da littafi ya gargaɗe ni a kan sitot da wizil, na auna da girma, shi na maimaita a kan dabbar ƙasarmu. Na so in saka shi a jerin dabbobin Kano, malamina ya hana. Fatar kasuwa, in ji shi, ba ta faɗin inda aka kama mai ita, tana iya fitowa daga Damagaram ko Agadas. Haka kuma rashin kama shi a tarkona bai isa in rubuta cewa babu shi ba.

Dab da ƙarshen aikin wata Hajiya mai kiwon kaji ta aiko a kira ni, 'yan tsakinta na ɓacewa. Na ɗana keji a bayan akurki, da asuba sai ga bodari a ciki. Yaran gidan har sun ɗauko sanduna. Bodari yana cin ƙwai da tsaki in ya samu, ba zan wanke shi ba, amma abincinsa na yau da kullum ɓeraye ne da ƙwari da ƙadangaru, kuma dare ne lokacinsa. Na ce, "Hajiya, da yaushe kuke ganin sun ragu?" Ta ce da dare a kulle suke, ita da kanta take ƙirga su da safe cif-cif, sai wajen azahar a ga babu ɗaya ko biyu. Na roƙi a ba ni kwana uku, na koma ɗana tarkon da safe a inuwar katanga, ina zaune kusa. A rana ta biyu siririn tunku ya shiga. Muka bi sawunsa har wata kafa a ƙasan katanga inda ruwan wanke-wanke ke fita, aka toshe ta da waya mai ƙananan ido, aka kewaye wajen kiwon tsakin da irinta.

Shi kuwa bodarin, tun a safiyar farko muka ɗora kejinsa a bayan babur, lulluɓe da buhu, muka yi nisa da gidaje zuwa wata saura. Na sa safar hannu mai kauri na ɗaga ƙofar, ya ƙi motsi, ya yi lamo kamar matacce. Na ce ko wuya ya sha a hanya. Baba ya ce halinsa ne, mu ja baya. Muka koma gindin wata kuka muka zauna shiru. Can sai ya ɗaga kai, ya shinshina iska, ya fito da jela a sama ya shige cikin sabara.